TAFKUNAN DAJIN BATURIYA DA DARASIN DA MUKA ƊAUKO DOMIN TAFKIN ƘAUYENMU

A ƙarshen kakar bara wata gardama ta tashi a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na manoma da ke ƙasar Sule Tankarkar. Akwai bashin taki a kan ƙungiyar, gero kuwa bai yi yadda aka sa rai ba. Ana cikin haka sai wani mai sayen gawayi ya zo ya taya itatuwan bagaruwa da ke gefen tafkin ƙauyen, daidai wurin da dagaci ya ba ƙungiya aron fili domin lambu. Kuɗin da ya taya sun kusa biyan rabin bashin. Waɗansu suka ce a sallama, gama itace ba ya biyan bashi yana tsaye. Waɗansu kuwa, musamman mata da dattawa, suka ce ba su yarda ba. Aka yi zama biyu ba a daidaita ba, har waɗansu suka fara maganar janye hannun jarinsu.

Da maganar ta zo gare mu a ofishin aikin gona ba mu ba kowa gaskiya ba. Muka ce tun da gani ya kori ji, a zaɓo mutane daga kowane ɓangare mu tafi tare mu ga wurin da ruwa da itatuwa suke zaune tare har yanzu. Muka gayyaci wakilai daga ƙungiyoyin Gumel da Maigatari da Gagarawa, domin matsalar ba ta ƙauye ɗaya ba ce. Mu 14 muka tashi wata Asabar cikin watan Janairu, muka nufi dajin Baturiya a ƙasar Haɗeja. Ga labarin abin da muka gani da abin da muka koya.

Hanya

Mun bar Sule Tankarkar da asuba cikin sanyin hunturu. Muka bi ta Gumel, muka ratsa Malam Madori inda layin jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya wuce, muka iso Haɗeja da hantsi. Tun daga gida har kusa da Haɗeja ƙasar iri ɗaya ce da tamu: jigawa, karan gero, gawo nan da can, da hazo. Amma da muka wuce Haɗeja muka nufi gabas wajen Kiri Kasamma sai ƙasa ta sake kama. Rairayi ya fara ba da wuri ga baƙin laka. Muka soma ganin alkama kore shar, da barkono da albasa da tumatir, da goriba jere-jere. Wata daga cikin matan da muke tare ta ce ita ba ta taɓa sanin akwai irin wannan wuri a jiharmu ba, alhali tafiyar ba ta kai rabin yini ba.

Kauyen Baturiya yana bakin dajin da ya ɗauki sunansa. Dajin ya shafi ƙananan hukumomin Kiri Kasamma da Guri da Auyo. Mun fara kai gaisuwa wurin shugabannin gari da ma'aikatan daji, aka haɗa mu da jagora, sa'an nan muka shiga.

Daga ina ruwan yake zuwa

Wanda ya ji an ce tafki zai zaci ruwa ɗaya ne shimfiɗe. A Baturiya tafkuna ne da yawa, manya da ƙanana, a warwatse cikin kurmi, da ƙoramu masu haɗa su. Ruwan saman da ake yi a wurin bai fi namu da wani abin kirki ba. Yawancin ruwan baƙo ne, daga nesa yake zuwa.

Kogin Kano da kogin Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauci. Da kogunan nan suka iso gabashin jiharmu sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, da dogayen tuddan rairayi waɗanda iska ta tara tun zamanin da hamada ta sauko kudu, shekaru dubbai da suka wuce. Irin tuddan nan ne muke kira jigawa, daga gare su jiharmu ta sami sunanta. Ruwa ba ya iya ratsa su kai tsaye, saboda haka sai ya rarrabu ya malala cikin kwaruruka da ke tsakaninsu. A watannin Agusta da Satumba ambaliya takan rufe fadama. In ta janye sai ta bar tafkuna a wurare masu zurfi, waɗansu su ƙafe kafin bazara, waɗansu su kai wata damina. Ragowar ruwan yakan sake haɗuwa wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, wanda yake zuba a Tafkin Cadi.

Wannan zuwa da komawar ruwa shi ne ran wurin. In ruwa ya hau, kifi ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, a shuka shinkafa. In ya fara janyewa a bi lema da wake da guna da dawa. In rani ya yi, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawar fadama, su bar taki. Fili ɗaya yana ciyar da masunci da manomi da makiyayi, kowa da lokacinsa. Har wa yau ruwan da ya kwanta yana nutsewa ƙasa, shi ne yake cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi.

Tarihin wurin

Tun da daɗewa Hausawa da Badawa da Mangawa da Barebari da Fulani suke zaune a wannan fadama. A al'adar wurin tafki yana da mai kula da shi. Sarkin ruwa ko bulama shi ne yake faɗin ranar da za a buɗe su, kafin ranar kuwa ba mai jefa koma. Wannan doka ita ce take ba kifi damar girma. Bikin kamun kifi da Badawa suke yi a Gorgoram cikin Jihar Yobe daga irin wannan al'ada ya samo tushe.

Abubuwa biyu suka sauya wurin a zamanin iyayenmu. Na fari shi ne fari. Dattawanmu ba su manta da na 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka mutu, mutane suka watse neman abinci. Na biyu shi ne madatsan ruwa. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa kusa da Ƙaraye a 1992. Madatsan nan sun kawo amfani, gama su ne suke ba birnin Kano ruwan sha, ta Tiga kuma ita ce take shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Amma ruwan da aka tare a sama ya ragu a ƙasa. Masu auna ambaliya sun nuna cewa a 1974 ruwa ya rufe wajen murabba'in kilomita 2,000 na fadamar Haɗeja da Nguru, a 1993 kuwa bai kai 500 ba. Wani binciken da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka haɗa kifi da itace da amfanin gona, ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo riba bisa wanda aka tura manyan gonakin ban ruwa.

Tun zamanin tsohuwar Jihar Kano gwamnati ta keɓe dajin Baturiya ta hana farauta da sara a cikinsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 sai ya koma hannunta. A 1987 aka kafa wani shiri na kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, da taimakon ƙungiyoyin kiyaye halittu na Nijeriya da na ƙasashen waje. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a ɓangaren Yobe na wannan fadama domin ganin tsuntsaye.

Akwai wata yarjejeniya da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, domin kiyaye fadamu da tafkuna masu muhimmanci. Wuri na farko da aka rubuta daga Nijeriya cikin littafin wannan yarjejeniya shi ne tafkin Nguru, a shekarar 2000. Baturiya ta shiga a 2008, da faɗin hekta 101,095, watau wajen eka 250,000. A ƙarshen 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a sa wannan daji cikin sababbin gandayen namun daji 10 na ƙasa.

Itatuwa

Abin da ya fara jan hankalin masu gardamarmu shi ne bagaruwa. Mun tarar da ita tsaye cikin ruwa har gwiwa, wata har ƙugu, ba abin da ya same ta. Ita da giyayya suna jure wa ambaliya wata da watanni, shi ya sa suke kewaye tafkunan kamar shinge. Bayansu a kan tudu akwai kanya da tsamiya da aduwa da farar ƙaya da kuka, sai goriba da kabarta ko'ina. A kan ruwa ga bado da kainuwa.

Jagoranmu ya tsayar da mu a wurare biyu domin mu gwada. Wuri na fari itatuwa da ciyawa sun rufe bakin tafkin. Gaɓar tana nan daram, ruwan ya kwanta, kana hangen ƙananan kifaye a ciki, iskar hunturu ma ba ta kai mu sosai ba. Wuri na biyu yana can gefen daji inda aka sassare aka yi gona har bakin ruwa. Nan gaɓa ta zaizaye, rairayi ya gangaro ya cike gefen tafkin, ruwan ya ja baya ya bar taɓo. Ɗaya daga cikin masu son a sayar da bagaruwarmu ya tsuguna ya ɗebi rairayin ya murza a hannu. Bai ce kome ba, mu ma ba mu ce masa kome ba.

Tsuntsaye

Masana sun lissafta tsuntsaye iri fiye da 370 a fadamar Haɗeja da Nguru. Kowace shekara cikin Janairu akan fita ƙidayar tsuntsayen ruwa, a ƙidayar 1997 an sami fiye da 300,000. Ana iya kasa su kashi uku.

Kashi na fari 'yan gida ne, rani da damina suna nan. Mun ga balbela da zalɓe da jinjimi da dinya, da zakaran ƙeƙuwa mai tsegumi, wanda da ya hango mu ya sanar da daji duka. Mun ga garken kirinjijiya, da suka tashi gaba ɗaya suna fito sai da muka daina jin maganar juna. A cikin kurmi akwai zabin daji da fakara da hasbiya da cilakowa.

Kashi na biyu baƙin damina ne, shugabarsu shamuwa. Kowa a ƙasar Gumel ya san in shamuwa ta sauka a kan kukar gari lokacin gyaran gona ya yi. A nan take sheƙa ta yi 'ya'ya, tana cin fara da tsutsa a gonakinmu. In damina ta wuce sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda ruwa yake sauka a lokacin. Ba mu same ta ba, gama Janairu ba lokacinta ba ne.

Kashi na uku baƙin rani ne, su ne suka sa sunan wurin ya kai ƙasashen waje. Agwagin ruwa iri-iri ne da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suke kiwo a bakin taɓo. A Turai da arewacin Asiya suke ƙyanƙyasa. In sanyi ya kama can, ruwa ya daskare, sai su taso su ƙetare teku da hamadar Sahara, su iso nan wajen Oktoba da Nuwamba, su koma wajen Maris da Afrilu. Bayan hamada, fadamu irin wannan su ne zango na fari da suke samun ruwa da abinci. Wani lokaci akan ga tsuntsu da ɗan zobe na ƙarfe a ƙafa. Masu bincike ne suka sa masa, da lamba da sunan ƙasar, domin a san hanyar da yake bi. Wanda ya tsinci irin wannan zobe ya kai wa malamin daji, ba laya ba ce, ba kuma abin tsoro ba ne.

Akwai wanda muka nema ba mu gani ba, watau gauraka. Dattijon da ya fi mu shekaru a tafiyar ya ce yana yaro gauraki suna sauka har fadamun ƙasarmu, ana jin kukansu da asuba. Wani saurayi ya tambaye shi, "Baba, yaya kamarta take?" Sai da dattijon ya kwatanta masa tukkun zinariya da ke kanta. Kamawa domin sayarwa ga masu ajiye ta a gida, da ƙafewar fadamu, sun sa gauraka ta yi wuyar gani a Nijeriya. Yaron da aka haifa a ƙasar gauraki yau sai an yi masa kwatance.

Kifi da namun daji

Masuntan da muka tarar a wajen iyakar daji sun nuna mana kamun safiyar: tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara. Sun kuma yi mana bayanin gaiwa, wadda in tafki ya ƙafe takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa, har ruwa ya dawo. A bakin ruwa mun ga guza ya faɗa da gudu, mun ga sawun dila da na zomo, muka hangi jajayen birai a nesa. Manyan namun daji irin su barewa da gada, waɗanda dattawa suka ce da suna da yawa, yanzu sai an yi sa'a.

Masu zuwa shaƙatawa

Mutane iri-iri suke zuwa Baturiya. Akwai masu kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, akwai ɗaliban jami'a masu bincike, akwai 'yan makaranta da malamansu, akwai kuma iyalai masu neman wurin hutawa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da baƙin tsuntsaye suke nan, hanya kuma ta bushe. Da sassafe ko da la'asar sakaliya aka fi ganinsu. Mu ma mun shiga kwalekwale kashi-kashi, muka ci guzurinmu a gindin wata tsamiya. Mutanen da suka yi wata biyu ba sa gaisawa sosai saboda maganar bagaruwa, ran nan kwano ɗaya suka ci.

Ƙungiyar da take son kai mutanenta, ko ajin matasa, ta kiyaye waɗannan. A nemi izini wurin ma'aikatan daji, a ɗauki jagora. Kada a tafi da bindiga ko danƙo ko kare. Kada a kunna wuta a bar ta, kada a zubar da leda. Kada a cika kwalekwale fiye da yadda mai shi ya faɗa, gama yawan lodi shi ne yake jawo yawancin haɗarin jirgin ruwa a ƙasar nan. A hana yara wanka a ruwan da ke kwance, domin a cikinsa ake ɗaukar tsargiya, cutar da take sa fitsarin jini, wadda ƙananan dodon koɗi suke yaɗawa. A tafi da ruwan sha daga gida. In an ga mataccen tsuntsu kada a taɓa shi, kada a kai shi kusa da kaji. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006, masu kiwon kaji sun san ɓarnarta.

Wurin ma yana da nasa ciwo

Kada mai karatu ya zaci kome lafiya a Baturiya. Babban abin da mutanen fadama suke kuka da shi shi ne ciyawar kacala. Da can koguna suna ƙafewa da rani, ciyawar ta mutu. Tun da madatsai suka fara sakin ruwa rani da damina sai ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya yi ta ambaliya, wani wuri ruwa ya daina zuwa. A cikinta tsuntsayen jan baki suke kwana, su fito su cinye shinkafa da gero. Gwamnati tana sharar hanyoyin da injuna, mutanen gari ma suna yin gayya da lauje, amma aikin ba ya ƙarewa. Ga masu saran itace da gawayi, ga masu faɗaɗa gona cikin daji, ga rikicin manomi da makiyayi a kan mashaya. Ambaliyar 2022 kuma ta yi ɓarna ƙwarai a jiharmu, ta ci gidaje da gonaki. Mutanen da suke yin waɗannan abubuwa ba mugaye ba ne, yawancinsu talauci ne irin namu ya tura su. Shi ya sa doka kaɗai ba ta tsare daji in mutanen da ke kewaye da shi ba su ga amfaninsa ba.

Tafkin ƙauyenmu

A ƙasar Gumel ba mu da babban kogi. Abin da muke da shi ƙananan tafkuna ne a cikin kwari, waɗanda ruwan sama yake cikawa. Daga gare su dabbobi suke sha, a nan ake buga tubali, a nan mata suke ɗan lambun yakuwa da alayyafo. Rijiyar da ke kusa da tafki ta fi daɗewa da ruwa, domin tafkin ne yake shayar da ita ta ƙarƙashin ƙasa. Dattawan ƙauyen da muke magana sun ce da tafkinsu yakan kai watan Maris, yanzu kuwa kafin Janairu ya ƙare ya zama taɓo. Ba ƙarancin ruwan sama kaɗai ya jawo haka ba. Tafkin ne ya cike da rairayi, ya zama kamar faranti, ruwa marar zurfi kuwa rana da iska suna shanye shi da wuri.

Gaskiya ne itace ma yana shan ruwa, don haka ba kowane iri ake dasawa a bakin tafki ba. Turare yana da yawan sha, a kai shi can nesa. Amma bagaruwa da ciyawar da ke ƙarƙashinta suna riƙe gaɓa, suna tace rairayi kafin ya shiga, suna kuma kare ruwa daga iskar hunturu. Bagaruwa tana da kuɗi tana tsaye. Da 'ya'yanta majema suke jeme fata, ana sayensu buhu-buhu kowace shekara. Gawayi kuwa sau ɗaya ake sayar da shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A ƙasar Maradi, tun daga 1983, wani malamin gona mai suna Tony Rinaudo da yake aiki da mishan ta SIM ya fara nuna wa manoma cewa kututturan da suke tohowa a gona itatuwa ne masu rai. Maimakon a sassabe su duka a ƙone, sai a zaɓi reshe 2 ko 3 masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Wannan dabara ta bazu a jihohin Maradi da Damagaram, har aka kiyasta cewa ta mai da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. Duk wanda yake cin kasuwar Maigatari ran Alhamis yana iya tambayar baƙin da suka ƙetaro daga Nijar.

Abin da ƙungiyar ta yanke

Mako guda bayan mun dawo aka sake zama. Ba kowa ne ya sake ra'ayi ba, gama bashi yana nan, mai taki kuma ba ya karɓar labarin tsuntsaye. Amma an amince a dakatar da maganar sayarwa har shekara guda. Kowane ɗan ƙungiya zai ƙara kwano 2 na gero a asusu. Mata za su tattara 'ya'yan bagaruwa a sayar da sunan ƙungiya. An aiki mutum 3 su roƙi mai taki ya raba biyan kashi biyu, ya kuwa yarda. Mutum ɗaya ya janye daga ƙungiyar, muna fata zai dawo. In shekara ta zagayo za a duba littafin ma'aji a ga ko lissafin ya fita.

Ga shawarwarinmu ga sauran ƙungiyoyi.

1. Tafki na gari ne duka. Kafin ku yi kome ku je wurin mai unguwa da dagaci, ku gayyaci arɗon Fulani da dukan maƙwabta, Musulmi da Kirista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

2. Ku bar fili mai faɗin taki 20 ko 30 kewaye da ruwa, ba noma, ba sara, ba ƙuna.

3. Ku bar burtali a buɗe, ku keɓe mashaya a gefe ɗaya, domin kada dabbobi su tattake gaɓa duka, kada kuma a shiga gonar kowa.

4. In tafki ya ƙafe da bazara ku yi gayyar yashe shi. Baƙar lakar da kuka kwashe taki ce, ku kai gona. Masu buga tubali su haƙa daga tsakiya, kada su ci gaɓa.

5. Ku bar kututturan da suke tohowa. Inda babu, ku shuka irin bagaruwa da farkon damina, bayan kun zuba masa ruwan zafi ya kwana a jiƙe domin ya tsiro da wuri. Ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

6. Kada a sha ruwan tafki sai an tace an tafasa. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, amma gudawa da tsargiya suna nan.

7. Ku kafa sanda mai alama a cikin tafkin, sakatare ya riƙa rubuta ranar da ya cika da ranar da ya ƙafe kowace shekara. Da wannan za ku san ko aikinku yana ci.

A taronku na wannan wata ku tambayi dattawa sunayen tsuntsaye da itatuwan da suka sani a bakin tafkinku suna yara, ku rubuta, sa'an nan ku fita ku ƙidaya waɗanda suka rage. Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun malamin gona na yankinku, za mu buga a fitowa ta gaba. Ƙungiyar da take son zuwa Baturiya kuma ta sanar da mu tun kafin kaka, domin a shirya mota a kan lokaci.